Golmon da Prosper Ya Yi wa Kamfani

Duk wanda ya taɓa kawo takarda shagona a buga masa a 'yan shekarun nan ya san Prosper, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai wuya kamar na zalɓe da ke zama a kusurwa, ya duƙufa kan kwamfutar da ta fi kowace tsufa, sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ya ɗago. Ni ne Lukuman mai shagon, a bakin hanyar kasuwar Zuru. Buga takardu nake yi, da ɗaukar hoton fasfo, da sayar da data. Gidansu Prosper katanga ce kawai tsakaninmu a unguwar Rikoto, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba, a kan idona aka yi shi.

Ubansa, Baba Kefas, tsohon soja ne kamar rabin dattawan unguwarmu. Ya baro aiki da muƙamin saje da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa, ya dawo gida ya kama noman dawa. Manyan 'ya'yansa maza biyu sun bi sawunsa, kowa kuma ya ɗauka na ukun ma bariki zai nufa, don tsayi dai Allah ya ba shi. Sai dai tun yana sakandare aka aiko shi shagona ya yi kwafin wata takarda, ya ga kwamfuta a kunne, shi ke nan ya maƙale. Na kore shi har na gaji, daga baya na ƙyale shi. Da bidiyon intanet ya koyi rubuta manhaja, da datata kuma, ban manta ba. Abin da ya fara haɗawa wani ɗan tsari ne da ke aika wa mutane saƙo cewa hotunansu sun fito su zo su karɓa. Ranar da Baba Kefas ya ga saƙon a wayarsa ya juya ta gaba da baya, sannan ya ce to, bindigar wannan ke nan, a bar shi da ita.

Da ya sami jami'a ya karanta ilimin kwamfuta, uwarsa Mama Saloma ta yi rawa a coci har ɗankwalinta ya faɗi. Mu ma maƙwabta an aiko mana da shinkafa. Shi ne na farko a gidan da ya wuce sakandare bai sa kaki ba.

A aji uku ake tura su koyon aiki, abin da ɗalibai ke kira aiti. Kai za ka nemo wurin da kanka, su ba ka takardar sun karɓe ka, ka kai makaranta kafin a rufe. In aka rufe ba ka kai ba, ka zauna shekara guda sai ƙannenka sun isko ka. Yawancin ɗalibai ofis suke nema inda za a sa musu hannu su koma gida su yi barci. Prosper ya ce shi ba haka ba. Yana son irin ƙananan kamfanonin nan na samari masu haɗa manhaja, inda zai zauna kusa da wanda ya fi shi ya ga yadda ake yi. Daga shagona ya yi ta aika neman gurbi, Legas, Abuja, Kaduna, duk inda ya ga adireshi. Akasari ko tari ba su yi masa ba. Ɗaya da ya daure ya amsa, tambaya ya yi wai Zuru a Nijar take ko a Najeriya.

Ana cikin haka wani Usama ya kira. Yana da ƙaramin kamfani a Abuja. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tallar da aka yi musu kyauta a garin nan ta isa. Manhajarsu kiran manomi take yi a ƙaramar wayarsa, ta faɗa masa da harshensa lokacin shuka da farashin hatsi a kasuwanni. Suna da Hausa, suna so su ƙara harsunan da ba kowa ke kula da su ba, don abin da masu zuba musu jari ke son ji ke nan. Sai ga ɗalibi ɗan Zuru mai jin C'lela, wanda mu muke kira Dakarci, ya kawo kansa har gida.

A shagona aka yi hirar ta bidiyo, don nan sabis ya fi ƙarfi. Baba Kefas ya zo ya zauna a benci da sandarsa, ga kuma mutum biyu suna jiran hoto. Usama yaro ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa masa zuma, rabin maganarsa Turanci. Ya ce suna son Prosper, amma su a tsarinsu sai mutum ya fara nuna abin da zai iya. Ya zaga ƙauyuka ya yi wa manoma rajista, ya ɗauko muryoyinsu suna kiran sunayen amfanin gona da C'lela, shi ma ya naɗi tasa muryar. In ya gama, sai ya taho Abuja a zaunar da shi cikin masu rubuta manhaja. Nan Baba ya miƙe, ya kawo fuskarsa daf da kwamfutar har Usama ya ja baya.

"Yaro, ka ce in ya gama aikin za ka ɗauke shi?"

"Ƙwarai kuwa, Baba. Kujerarsa na jiransa."

Baba ya juyo ya kalle ni, ya kalli masu jiran hoto, ya ce mun ji da kunnenmu. Muka ce mun ji. Da aka kashe kwamfutar ya dafa kafaɗar ɗansa yana dariya, ya ce ashe 'yan boko ma sun san golmo.

Wanda ba ɗan ƙasar Zuru ba sai an yi masa bayani. A al'adar su Baba Kefas, saurayin da ke son mata noma yake yi wa uban yarinya, damina bayan damina, shi da sa'o'insa, har a cika wa'adi a ba shi matarsa. Shi ne golmo. Baba damina bakwai ya yi a gonar uban Mama Saloma kafin ya shiga soja, kuma har gobe in yana ba da labarin sai ka ce yaƙin ne bai kai golmon ba. Mu Hausawan gari muna tsokanarsu cewa su da garma suke auren mata, su kuma su ce ragwanci ne ya sa mu muke kai akwati. A wurin Baba golmo yana da dokokinsa. Ba ka zuwa kai kaɗai, ba ka ƙorafi komai zafin rana, kuma surukin da ya furta magana gaban mutane ba ya haɗiye ta. Da wannan ma'aunin ya auna Usama, mutumin da ko hauya bai taɓa riƙewa ba.

Abu na farko da kamfanin ya aiko, ta tashar mota, riga ce mai ruwan ganye. A bayanta an rubuta da manyan baƙaƙe: ƊAN SA-KAI. Na riƙe rigar nan na rasa ko dariya zan yi ko ashar. Su a Abuja mai aikin taimako suke nufi. A nan kuwa ko yaron goye ya san ɗan sa-kai shi ne mai ɗaukar bindiga ya shiga daji farautar ɓarayi, kuma ɓarayin ma sun sani. Ka ɗora wa yaro wannan a gadon baya ka tura shi hanyar Ribah a kan mashin, me ka mayar da shi? Mama Saloma ta karɓe rigar ta ce ko gawarsa ba za ta sa ta ba, ta mai da ita tsumman goge tukunya. Prosper ya rubuta wa Usama bayani cikin ladabi. Amsar da ta dawo fuskar dariya ce guda uku, da cewa mai fassararsu ne ya yi, kada ya damu.

Ni daga nan jikina ya yi sanyi da su. Baba kuwa ko a jikinsa. Ran Lahadi ya miƙe a coci ya shaida wa jama'a cewa ɗansa na golmo a kamfani, yana neman masu kama masa. Ya faɗa a majalisar tsoffin sojoji, ya faɗa a kasuwa, ya aika ƙauyensu. Ka san yadda zamanin nan ya zama, mutumin ƙauye ba ya ba baƙo lambar wayarsa, don bai san hannun da za ta faɗa ba. Ma'aikata nawa ne suka zo da rigunansu da alƙalumansu aka ce musu maigida ba ya nan? Amma da aka ce ɗan Kefas ne ke golmo, sai ƙofofi suka buɗe. Tsoffin da suka yi noma tare da Baba a gonar surukinsa, waɗanda suka rage da rai, su suka riƙa raka yaron. Wani ya ba da mashin, wani ya zuba mai, wani ya bar sussukar dawarsa ya shige gaba don ya san hanyar da ba a tare mutane. Suka yi Dabai, suka yi Mahuta, suka yi Ribah, har Dirin Daji sun kai a lokacin da ni ko an biya ni ba zan je ba. Tsofaffin mata suna zama a gindin mangwaro suna maimaita sunan dawa da wake cikin waya, suna ƙyalƙyala dariya, suna tambayarsa ko amaryar fara ce.

Prosper ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Da yamma sai ya zo shagona da ƙura har gira ya tura musu abin da ya tara. Kullum amsar ɗaya ce, aiki ya yi kyau, a ƙara kaɗan. In ya tambayi takardar da zai kai makaranta, sai a ce lauyansu na dubawa, ko Usama ya yi tafiya, ko mako mai zuwa. Muka yi ta jin gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Ko layi ɗaya na manhajar ba su taɓa nuna masa ba, shi da don ita ya zo.

Da na ga lokacin rufewa na matsowa, sai na kira ƙanwata Rufaida da ke aiki a wani ofishi a Birnin Kebbi. Ta yi ƙoƙari ta samo masa gurbi a sashen kwamfutarsu. Ba wani wurin a zo a gani ba ne, gyaran firinta ne da jan waya, amma takarda za ta fito a ranar, shekararsa ta tsira. Na ga idon Prosper ya yi haske da na faɗa masa. Ya ce bari ya gaya wa Baba. Na ce mu je tare, don na san halin tsohon.

Muka same shi yana gyaran ƙotar gatari. Na zayyana masa komai, na ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Baba, mutanen ga ba su san golmo ba," na ce. "Bari shi riƙe wagga, in taccan ta hito sai shi sake ta."

"Lukuman, mai golmo ba ya leƙa gida biyu. In surukin ya ji, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce wane suruki, mutumin da ko sunan ƙauyenku bai iya faɗa ba? Ya ce ko bai iya ba ya yi magana gaban mutane, kuma ni ma ina cikin mutanen. Ya ce ya tara dattawa da sunan wannan gidan, ba zai koma ya ce musu yaro ya sauya gida ana tsakiyar noma ba. Prosper na tsaye yana kallon ƙasa. Yaro ne mai jin maganar uba, kuma gaskiya shi ma ransa na Abuja. Washegari ya kira Rufaida ya yi mata godiya ya ce a ba wani. Haushi ya hana ni cin abinci a ranar, har matata ta tambaye ni ko da wani na yi faɗa.

Gab da faɗuwar damina kamfanin ya ce zai zo Zuru ya ƙaddamar da manhajar, tare da baƙinsu masu zuba jari. Usama ya ce wa Prosper ya tara manoma su cika ɗakin taro, a can za a kammala maganarsa. A lokacin makaranta ta riga ta rufe karɓa, sai dai wani malaminsu mai tausayi ya ce in ya kawo takardar cikin makon zai san yadda zai yi. Wannan taron ne kaɗai ya rage masa.

Gidan Baba Kefas suka ɗauka ranar ɗaukar amarya ce. Mama Saloma ta haɗa wa ɗanta jaka, ta sa masa garin dawa da yaji da daddawa, don a tunaninta a motar kamfanin zai bi su Abuja. Baba ya sa babbar rigarsa, ya maƙala lambobinsa na soja a ƙirji. Tsoffin abokan golmonsa suka jeru a sahun gaba. Ni ma na rufe shago na je.

Ɗakin ya cika har waje. Aka haska taswirar ƙasar Zuru a bango, cike da ɗige-ɗige masu ruwan ganye, kowane ɗigo manomi ne da Prosper ya taka ya je gidansa. Aka kunna lasifika, sai ga muryarsa tana gaisuwa da C'lela, mata suka ɗau guɗa, baƙin suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Usama ya yi jawabi mai daɗi, ya ce tawagarsu ta ratsa duwatsu da dazuzzuka don ta kai wa talaka fasaha. Na kasa kunne in ji sunan tawagar, har ya zauna ban ji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da aka tashi, Baba ya kama hannun ɗansa, dattawa na biye, suka tare Usama a bakin mota. Baba ya ce aiki ya ƙare, ga yaro, ga kayansa. Usama ya kalli jakar, sannan ya yi murmushin nan nasa. Ya ce ai guraben koyon aiki biyu ne kacal, kuma an riga an ba wasu da ke zaune kusa da ofis, tunda ba su da masauki. Ya ce suna alfahari da Prosper matuƙa.

"Amma Baba, shi ai ɗan sa-kai ne tun farko. A rigarsa ma an rubuta."

"Na tambaye ka za ka ɗauke shi, ka ce e. Gaban mutane."

"Cewa na yi za mu duba, Baba."

Nan ne na kasa riƙe bakina. "Ƙarya kaka yi," na ce masa. "Cikin shagona kac ce kujeratai na jiranai, ga ni, ga wanda ka hwaɗa ma." Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Wani daga cikin mutanensa ya zo yana ba ni haƙuri da Turanci, wai kada baƙi su gani. Usama ya buɗe jakarsa ya zaro takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, irin wadda nake buga wa 'yan firamare, ya miƙa, har yana neman a tsaya a yi hoto.

Prosper bai karɓa ba. Ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Yallaɓai, ko sau ɗaya ba ku nuna mini yadda kuka rubuta manhajar ba." Usama ya ce wa Prosper ya turo masa saƙo za su yi magana, ya shiga mota. Baba Kefas ya sunkuya ya ɗauki jakar ɗansa da kansa, ya hana kowa karɓa, ya ɗingisa da ita har Rikoto. Dattawan suka watse ba wanda ya kalli wani.

Shekarar ta tafi. Gurbin Rufaida an daɗe da ba wani, malamin nan mai tausayi ya yi iya yinsa ya gaji. 'Yan ajinsu suna can suna koyon aiki, masu barci suna barcinsu, su ne za su riga shi gamawa. Shi da ya fi su son abin yana gida. Wayoyin manoma kuwa suna ta ƙara da muryarsa, yanzu har tallar iri da maganin feshi take yi musu. Ya tura saƙon da aka ce ya turo, an karanta, ba a amsa ba. Yakan zo shago har yanzu ya zauna a kusurwarsa, yana haɗa wani abu nasa da bai gaya mini ko mene ne ba, kuma ya fara neman gurbin baɗi. Na ce masa wannan karon ko gidan burodi ne ya ba shi takarda ya karɓa tukuna, ya ce to.

Babu wanda ya zargi Baba Kefas a garin nan, kowa ya san sakiyar da ba ruwa aka yi musu. Amma da ruwa ya zauna aka fara noman fari, sai na riƙa ganinsu da sassafe, shi da Prosper, suna fita da hauya biyu a ɗaure bayan mashin, alhali gonarsu ba ta wannan hanyar take ba. Mama Saloma ce ta gaya wa matata. Wai tsohon ya ɗauki gonakin duk waɗanda ya kira suka raka ɗansa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu noma. Masu gonakin sun roƙe shi ya bari, wasu har da kuka, ya ce shi ya kira su golmo, sun zo, ba a yi biki ba, ba zai ci guminsu ba.

Wata safiya na tare su a ƙofar gida. Na ce Baba wannan wace irin wahala ce, da tsufanka, wanda ya ci amanar yana can cikin sanyin ofis, kai da aka cuta kai ne za ka biya? Na ce in biya ne su ya kamata su zo su biya. Ya gyara zamansa a bayan mashin, ya dube ni kamar na faɗi maganar yara.

"Su sun tafi, Lukuman. Ni a nan za a binne ni."

Ya taɓa bayan Prosper, yaron ya tada mashin, suka nufi hanyar Dabai.